Lissafin Gamin Ƙarfe: Daga Allon Lakwal Zuwa Bakin Zuga-zugi

Duk shekara idan jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji ta matso, yaran unguwarmu a Birni, nan Damagaram, sukan taru a zaurena bayan sallar isha'i mu yi bitar lissafi. Akwai irin tambayar da na lura tana kayar da har waɗanda suka fi kowa ƙoƙari, wato wadda za a ce an narka ƙarfe kaza da ƙarfe kaza, a nemo nauyin wannan ko tsabtar wancan. Yaro ya iya warware x tsaf idan an rubuta masa ita a allo, amma da zarar an naɗe ta cikin labarin maƙeri da azurfa da Faransanci mai tsawo, sai ka ga ya ajiye biro yana kallon rufi.

Abin mamakin shi ne, a garin nan akwai mutanen da ba su taɓa zama a aji ba, kuma wannan lissafin suke yi kullum. Ina da kawu maƙerin fari, wato mai aikin azurfa da zinariya, ba mai gatari da hauya ba. Ranar da na karanta masa wata tambaya daga takardar yaran, kafin in gama jera lambobina ya riga ya faɗi amsa. Na ce, "Kawu, yaya aka yi?" Ya ce, "Mushe, kai kana ƙirga dunƙule. Ni ƙarfen da ke cikin dunƙulen nake bi. Wuta ba ta haihuwar azurfa, ba ta kuma cinye ta." Duk abin da zan faɗa a ƙasa, bayanin wannan maganar ne da lambobi.

Da farko, mene ne tsabtar ƙarfe?

Ƙarfe mai gami shi ne wanda aka narka iri biyu ko fiye suka zama ɗaya. Azurfa zalla tana da laushi, zobe ba ya jimawa sai ya lanƙwashe, shi ya sa ake sa mata jan ƙarfe. Haka zinariya. Tagulla kuwa jan ƙarfe ne da kuza. Abin da masu gyaran rediyo da salula ke liƙi da shi, kuza ce da darma, galibi kashi 60 da kashi 40.

Tsabta, wadda littattafan lakwal ke kira titir, ita ce rabon ƙarfen da muke bi a cikin nauyin dunƙulen gaba ɗaya. Hanya uku ake faɗarta, kuma nan ne ruɗu na farko yake. Wani lokaci a ce kashi kaza cikin ɗari. Masu azurfa kuwa cikin dubu suke ƙirgawa: idan ka ga 925 a buge a cikin zobe, ma'anarsa a kowane giram 1000 akwai giram 925 na azurfa, sauran 75 gami ne. Masu zinariya kuma karat suke ji, inda 24 ke nufin zalla. Karat 18 ke nan kashi 18 cikin 24, wato 0,750. Karat 21 shi ne 0,875. Karat 22 yana kusan 0,917, ko da yake 916 ake bugawa a jikin kaya. Karat 14 kuwa 0,583 ne a lissafi, amma sau da yawa 585 za ka gani a buge. (Zan riƙa sa waƙafi a tsakanin lamba da ɓurɓushinta kamar yadda ake koya mana a nan Nijar. Wanda ya yi karatu a Kano ko Daura ya ɗauke shi a matsayin ɗigo.)

Kafin ka taɓa komai, mayar da duk tsabtar da ke cikin tambaya zuwa salo guda. Kada rabi ya zama karat, rabi kashi cikin ɗari. Na sha ganin takarda inda yaro ya tara 18 da 0,9 kamar jinsinsu ɗaya. Haka ma nauyi, ko duka giram ko duka kilo.

Daga nan ƙa'ida ɗaya ce tak za ka haddace:

nauyin dunƙule × tsabtarsa = nauyin ƙarfe zalla da ke ciki

Munduwa mai giram 60 mai tsabta 0,900 tana ɗauke da azurfa zalla giram 54. Sarƙa mai giram 20 ta karat 21 tana da zinariya zalla giram 17,5. Da a ce a gaskiya karat 18 ce aka sayar wa Hajiya da sunan 21, to zinariyar da ke ciki giram 15 ce, an cuce ta giram biyu da rabi ke nan. Wanda ya san kuɗin giram ɗaya a kasuwa ya san ba wasan yara ake ba.

Zana gida uku-uku

Ba na barin yaro ya fara rubuta x sai ya zana tebur. Layi uku a kwance: ƙarfe na farko, ƙarfe na biyu, sai abin da ya fito daga wuta. Gida uku a tsaye: nauyi, tsabta, zalla. Ka cika abin da tambaya ta ba ka, gidan da ya rage babu komai shi ne abin nema.

Ga mafi sauƙi. An narka giram 60 na azurfa mai 0,900 da giram 40 mai 0,800. Mece ce tsabtar sabon dunƙulen?

Na farko: 60 × 0,900 = 54
Na biyu: 40 × 0,800 = 32
Bayan narki: nauyi 100, zalla 86

Ka raba 86 gida 100, ka samu 0,860.

Dubi abin da muka tara da abin da ba mu tara ba. Gidan nauyi ana tara shi. Gidan zalla ana tara shi. Gidan tsabta, ko da wasa ba a tara shi. Kuma ba a ɗaukar tsakiyarsa da ka. Yara da yawa sukan ce tsakanin 900 da 800 ai 850 ne, su wuce abinsu. Wannan zai yi daidai ne kawai idan nauyin biyun ɗaya ne. A nan mai 900 ta fi yawa, don haka ta ja amsar zuwa wajenta. Kamar mai fura ce ta dama da nono mai kauri ludayi shida da tsala ludayi huɗu, ai kaurin ne zai rinjaya.

Inda x ke shigowa

Yanzu a juya tambayar. Maƙeri yana da giram 300 na azurfa mai 0,800, mai kaya kuma ya ce shi 925 yake so. Giram nawa na azurfa zalla za a ƙara?

Abin da ba ka sani ba, ka ba shi suna, kuma ka rubuta sunan a fili: x shi ne nauyin azurfa zalla da za a ƙara, a giram. Wannan jimlar ba ado ba ce. Mai gyaran takarda yana ba ta maki, kuma ita ke hana ka mantawa a ƙarshe me ka nemo.

Tsohuwar azurfa: nauyi 300, tsabta 0,800, zalla 240
Wadda za a ƙara: nauyi x, tsabta 1, zalla x
Bayan narki: nauyi 300 + x, tsabta 0,925, zalla 0,925 × (300 + x)

Ka tsaya a kan layi na uku, domin nan ne ramin da ya fi cin mutane. Nauyin ƙarshe ba 300 ba ne. Ka zuba ƙarin ƙarfe a tukunyar narki, dole dunƙulen ya ƙara nauyi. Wanda ya rubuta 0,925 × 300 zai samu amsar giram 37,5, ya ja mata layi biyu yana murna, alhali ko kusa bai je ba.

Sai maganar Kawu: azurfar da ta shiga wuta ita ce ta fito.

240 + x = 0,925 × (300 + x)

Buɗe baka. Lambar da ke waje sai ta ninka kowane ɗaya na ciki, ba na farko kaɗai ba:

240 + x = 277,5 + 0,925x

Tara masu x a gefe guda, lambobi tsirara a ɗaya gefen. Duk wanda ya tsallaka alamar daidai, alamarsa ta juya:

x − 0,925x = 277,5 − 240
0,075x = 37,5
x = 37,5 ÷ 0,075 = 500

Giram 500. Wato don ka ɗaga giram 300 daga 800 zuwa 925, sai ka kawo azurfa zalla da ta fi wadda kake da ita yawa. Karon farko da muka yi wannan a zaure, wata yarinya ta ce, "Mushe, akwai kuskure, ya yi yawa." Na ji daɗin shakkarta, don ita ce ta kai mu ga mataki na gaba, wanda ba na yafe wa kowa shi: gwaji. Zalla gaba ɗaya 240 + 500 = 740. Nauyi gaba ɗaya 800. Raba 740 gida 800, ga 0,925 cif. Babu kuskure. Ɗaga tsabta tsada gare shi, kuma duk sa'ad da ka matsa kusa da zalla tsadar ƙaruwa take. Shi ya sa maƙeri ya gwammace ya yi wa mai 800 aikinta a matsayin 800 da ya tsaya ɗaga ta.

Wannan ɗaukar abu daga gefe zuwa gefe da muka yi, ita ce asalin sunan darasin. Kalmar aljabara daga Larabci take, al-jabr, wato ɗori, irin na mai karaya. Al-Khawarizmi ne ya yi amfani da ita a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma babban ɓangare na misalansa rabon gado ne. Malaman zaure da ke raba tumunin takaba da sudusi sun riga mu shiga wannan gonar.

To yaya Kawu ya riga ni? Shi bai bi azurfa ba a wannan karon, jan ƙarfen ya bi. A cikin giram 300 akwai gami giram 60. Ƙara azurfa zalla ba ya taɓa wannan 60 ɗin. A sabon dunƙule kuwa gami zai zama 75 cikin 1000. Idan 60 shi ne 0,075 na duka, to duka shi ne 60 ÷ 0,075 = 800. Ɗebe 300 da ke hannu, saura 500. Layi biyu an gama. Duk lokacin da abin da ake ƙarawa zalla ne, nemi ƙarfen da bai motsa ba ka bi shi. A jarrabawa dai ina ba da shawarar a rubuta doguwar hanya, a yi gwaji da gajerar.

Ƙaramin bayani ga mai aikin gaske: azurfar da ake sayarwa da sunan zalla 999 ce, ba 1000 ba. Idan ka sa 0,999 a madadin 1, amsar za ta zama kusan giram 507. A takardar lakwal kuwa, "zalla" na nufin 1.

Saukar da tsabta

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da za ka riƙe shi ne, jan ƙarfen da ake ƙarawa tsabtarsa sifili ce, tunda babu zinariya a cikinsa ko ƙwayar zarra. Kana da giram 36 na karat 21, kana son 18. Da yake duka a karat suke, ba sai ka mayar da su ɓurɓushi ba:

36 × 21 + x × 0 = 18 × (36 + x)
756 = 648 + 18x
108 = 18x
x = 6

Giram 6 na gami, ka tashi da giram 42 na karat 18. Gwaji: 756 ÷ 42 = 18.

Idan an ƙayyade nauyin ƙarshe

Wannan ita ce tambayar da masu shirya jarrabawa suka fi so, kuma ita ce ta fi kama da rayuwa. Uwar amarya ta kawo tsofaffin kaya, wasu karat 21, wasu 14. Tana son a yi mata sarƙa da ƴan kunne masu nauyin giram 70 a karat 18. Nawa za a ɗiba daga kowanne?

A nan abu biyu ne ba mu sani ba. Amma ba baƙin juna ba ne, tunda jimlarsu 70 ce. Idan an ɗibi x daga mai 21, abin da ya rage na mai 14 ne, wato 70 − x. Kula da tsarin: 70 − x, ba x − 70 ba. Idan ka rikice, gwada da lamba. Ka ɗibi 10 daga wannan, nawa ya rage? Sittin. Yaya ka samu? Ka ɗebe 10 daga 70. To haka za ka yi wa x.

Mai 21: nauyi x, wato 21x
Mai 14: nauyi 70 − x, wato 14 × (70 − x)
Bayan narki: 70 × 18 = 1260

21x + 14 × (70 − x) = 1260
21x + 980 − 14x = 1260
7x = 280
x = 40

Giram 40 daga mai 21, giram 30 daga mai 14. Kada ka tsaya a 40, tambayar abu biyu ta nema. Gwaji: 840 + 420 = 1260.

Wanda aka koya wa x da y zai iya rubuta layi biyu, x + y = 70 da 21x + 14y = 1260. Ya ninka na farko da 14 ya samu 14x + 14y = 980, ya ɗebe shi daga na biyu, sai ga 7x = 280 ta sake fitowa. Hanyar Magarya ce ko ta Matamaye, duk Kano za a je.

Akwai kuma dabarar giciye, wadda nake ƙauna saboda tana nuna dalilin abin, ba amsar kaɗai ba. Rubuta 18 a tsakiya, 21 a sama ta hagu, 14 a ƙasa ta hagu. Ɗebe a karkace. Tazarar 18 da 14 huɗu ce, rubuta ta a sama ta dama, daura da 21. Tazarar 21 da 18 uku ce, rubuta ta a ƙasa, daura da 14. Ma'ana kashi 4 na mai 21, kashi 3 na mai 14. Kashi bakwai ke nan. Raba 70 gida 7, kowane kashi giram 10. Ga 40 da 30.

Me ya sa ake giciyewa? Kowane giram na mai 21 yana zuwa da rarar 3 a kan abin da ake nema. Kowane giram na mai 14 yana zuwa da giɓin 4. Ana so rara ta cike giɓi ba ragi ba ƙari. Giram 40 sau 3 ya ba da 120, giram 30 sau 4 ya ba da 120. Mai bashi da mai biya sun rabu lafiya. Daga nan ma za ka iya hango amsa tun kafin ka fara: 18 ya fi kusa da 21 a kan 14, don haka mai 21 za ta fi yawa. Idan lissafinka ya ba ka akasin haka, ka juya giciyen ne.

Ɗebe ka mayar

Ga wata mai ɗan wayo. A nan Damagaram zubin ƙarfe ba baƙo ba ne. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, har igwa ake ƙerawa a garin. To a ce mai zubi yana da kilo 40 na tagulla mai kuza kashi 20 cikin ɗari. Irin wannan tana da amo, da ita ake ƙararrawa, amma tana da gautsi. Yana son ta koma kashi 12, tukunyarsa kuma kilo 40 kaɗai take ɗauka. Dole ya ɗebe wani abu ya mayar da jan ƙarfe zalla a gurbinsa. Nawa zai ɗebe?

A nan kuza muke bi. Bambancin wannan da na baya shi ne nauyin ƙarshe bai canja ba, 40 ne. Abin da aka ɗebe kuma ba kuza zalla ba ce, tagulla ce mai kashi 20, don ba ka iya tsince kuza daga cikin dunƙule kamar tsakuwa a shinkafa.

Abin da ya rage: nauyi 40 − x, kuza 0,20 × (40 − x)
Jan ƙarfen da aka zuba: nauyi x, kuza 0
Bayan narki: 0,12 × 40 = 4,8

8 − 0,20x = 4,8
0,20x = 3,2
x = 16

A ɗebe kilo 16, a mayar da kilo 16 na jan ƙarfe. Sauran kilo 24 suna da kuza 4,8, kuma 4,8 cikin 40 kashi 12 ne.

Amsar da ke cewa "ba zai yiwu ba"

Wani ya ce a haɗa mai 0,900 da mai 0,800 a fitar da giram 100 na 0,950. Idan ka bi matakai za ka samu 0,9x + 0,8 × (100 − x) = 95, wato 0,1x = 15, x = 150. Ɗaya ɓangaren kuma ya zama 100 − 150, giram hamsin ƙasa da sifili. Lissafin bai yi ƙarya ba, yana gaya maka ne cewa abin da aka nema babu shi. Gami ba ya fin wanda ya fi tsabta a cikin iyayensa, ba ya kuma kasa wanda ya fi rauni. Kullum a tsakani yake. Don haka kafin ka ɓata minti goma, duba ko tsabtar da ake nema tana tsakanin biyun. Idan tana tsakani amma ka samu nauyi ƙasa da sifili, ko wanda ya zarce jimla, to kai ne ka yi tuntuɓe, kuma galibi wajen buɗe baka ne, inda aka manta alamar ɗebewa.

Idan ba a san tsabtar ba fa?

Duk abin da muka yi ya rataya a kan cewa an san tsabtar abin da ke hannu. A takarda an ba ka ita. A kasuwa kuwa bakin mai kaya ne kawai, kuma tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, masu yawo da ɗan ƙulli a aljihu suna cewa "zalla ce" sun yawaita. Maƙera suna goga ta a dutsen gwaji su ɗiga ruwan gwaji su ga. Akwai kuma hanyar ruwa, wadda ake danganta wa Arkimidis na ƙasar Girka, ita ma lissafin gami ce, sai dai a nan girma ake tarawa.

Zinariya tana da nauyi ƙwarai. Ɗan dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane gefe yana da giram 19,3. Na azurfa mai wannan girman 10,5 ne, na jan ƙarfe 8,96. Don haka giram 50 na zinariya mai gami ya fi giram 50 na zalla cin wuri.

Ka ɗora kofin ruwa a kan sikeli mai lamba, ka mayar da shi sifili. Ka ɗaure kayan da zare siriri, ka nutsar da shi cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindi ko gefe ba. Lambar da ta fito a giram ita ce girmansa, domin giram ɗaya na ruwa yana cin wurin wancan ɗan dunƙule mai santimita ɗaya. A ce munduwa mai giram 50 ta ba da 3,34, kuma mun ɗauka zinariya ce da jan ƙarfe kawai. Bari x ya zama zinariyar:

x ÷ 19,3 + (50 − x) ÷ 8,96 = 3,34

Don a rabu da rabawa, ninka ko'ina da 19,3 × 8,96, wato kusan 172,9:

8,96x + 19,3 × (50 − x) = 577,6
965 − 10,34x = 577,6
x ya kusa 37,5

Giram 37,5 cikin 50 shi ne 0,75, karat 18 ke nan. Sai dai kada wani ya ɗauki wannan ya je ya zuba jikkuna a kai. Idan gamin azurfa ne ba jan ƙarfe ba, lambar za ta sauya. Idan kayan yana da rami a ciki ko duwatsun ado, gwajin ya ɓaci. Kumfa ɗaya da ta maƙale a jikin sarƙa ta isa ta karkatar da amsa. Abin da hanyar ta iya shi ne raba karat 21 da jan ƙarfen da aka yi wa wankan zinariya, wannan kam ba ta kuskurensa.

A nan ne kuma zan ɗan gyara wa Kawu zance, da izininsa. Cewa wuta ba ta cin ƙarfe gaskiya ne a kan allo, kuma kusan gaskiya ne ga zinariya da azurfa. Amma wani abu yakan maƙale a tukunyar narki, wani ya bi ƙasa wajen goge da zarto, shi ya sa maƙeran fari ke tattara ƙurar wurin aikinsu. Tutiya kuwa guduwa take yi. Tana tafasa a digiri 907, jan ƙarfe kuma ba ya narkewa sai 1085, don haka mai haɗa su biyun yana ganin farin hayaƙi na tashi, tutiyarsa ce ke tafiya. Masu wannan zubin sukan ƙara ta fiye da abin da lissafi ya ce, kuma hayaƙin ba abin shaƙa ba ne. Da na faɗa masa, cewa ya yi, "To ai shi ya sa ba a koyon ƙira a lakwal."

Ga ɗaya da za ka gwada da kanka. Tsofaffin kayan azurfa da yawa na ƙasar nan da liyar aka yi su, wato kuɗin nan na Mariya Tereza ta Ostiriya da fatake ke kawowa, wanda tun daga 1780, ko yaushe aka buga shi 1780 ɗin ake rubutawa a jikinsa. Kowace liyar tana da nauyin giram 28,07 da tsabta 0,833. An narka guda goma, ana son a ɗaga su zuwa 925 da azurfa zalla. Zana tebur, rubuta abin da x ke nufi, warware, sannan ka gwada da hanyar bin jan ƙarfe. Nauyin goman giram 280,7 ne, azurfar ciki kusan 233,8, gami kusan 46,9. Idan hanyoyinka biyu suka haɗu a wajen giram 345, ka kama. Idan ka samu abin da bai kai giram 30 ba, koma layi na uku na teburinka, ka manta ƙara x a kan nauyin ƙarshe.